Kwana Ɗaya a Zavalina

Stuttgart, 9 ga Janairu, 1977

Frane, mijina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da abokin aikinka Jozo da matarsa Slavka. Yaya gwiwar? Kada ka ce mini ta warke, na san yawan matakalar da kake hawa kullum zuwa fitilar hasumiyar tsibirin nan naku, mai nuna wa jiragen ruwa hanya, na kuma san halinka. Ni lafiya lau, sai dai hannayena da ruwan wankin asibiti ya tsattsaga. Wata 'yar Girka da muke guga tare ta ba ni wani mai, ya fi na kanti.

To ga labari. An ba ni hutun kwana tara bayan bikin Ista. Jirgin ƙasa zai sauke ni a Split ranar Talata, sha biyu ga Afrilu, da safe.

Bana ba na so mu zauna a gidan Mama a Shibenik, ana shiga ana fita, kowa yana leƙen jakata, har hutun ya ƙare ban gan ka ba sai ta bayan kawunan mutane. Ina so mu yi yawo mu biyu kawai. Jamusawan da nake wanke wa zanen gado sun fi ni sanin bakin tekunmu. Ran nan wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni ko ganuwar Dubrovnik tana da tsawo kamar yadda ake faɗa, na yi ta kame-kame, kunya ta hana ni cewa ban taɓa takawa can ba.

Na sayi taswira, ga abin da na tsara. Talata mu kwana a Split. Laraba mu je Trogir mu ga ƙofar cocin nan mai zakuna. Alhamis mu hau bas zuwa Makarska. Juma'a Zavalina, kwana ɗaya. Asabar Ston, ka ci kawa, naman ƙwanson tekun nan, har ka gaji, ni ina kallonka, don ba zan sa wannan abu a bakina ba. Lahadi Dubrovnik. A watan Afrilu ba zafi, ba baƙi, ɗaki sai wanda muka zaɓa.

Ka yi wa Jozo magana tun yanzu ya riƙe maka aiki. Kuma ka aske gemun nan kafin ka zo, ba zan bi gari da mutumin da ya yi kama da ɗan fashin teku ba.

Matarka,
Perina


Hasumiyar Gavranik, 25 ga Janairu

Perina,

Na samu takardarki, ina ba ki amsa a tsaye ana sauke mana kananzir, don jirgin kayan ba ya wuce awa ɗaya. Muna lafiya. Gwiwa tana nan, ba ta ƙaru ba. Akuya ta haifi biyu. Ruwan sama ya cika mana rijiya har baki. Ki riƙa sa safar hannu, na faɗa miki tun bara.

Na ji daɗin maganar tafiyar. Na gaya wa Jozo, ya ce: "Je ka, ko wata guda ne. Na gaji da kallon mutumin da ba ya magana sai da akuya." Slavka ta ce za ta gyara mini kwat ɗina.

Sai dai gyara ɗaya. Bas ɗin bakin teku ba na ki ba ne. Hanyar duk kwana ce, kin san yadda kike yi a mota, kin taɓa amai a hular wani soja. Akwai babban jirgin ruwa da ke tashi daga Split, ya tsaya a Korchula, ya wuce Dubrovnik. Ki zauna a sama ki sha iska, ki ga tsibirai. Mu ƙara kwana a Korchula, sannan daga Dubrovnik mu leƙa Ston mu dawo. Kin ga ba abin da muka rasa.

Gemu zan duba.

Frane


Stuttgart, 2 ga Fabrairu

Frane,

Ina lafiya, Allah ya sa kai ma haka. Barka da haihuwar akuya.

Ka ce ba abin da muka rasa. Ka ƙirga garuruwan da na rubuta, ka ƙirga naka. Ka ga sunan, ka tsallake shi, ka ɗora mu a jirgin da zai bi ta can nesa da gaɓa, don kada ma mu hangi rufin gidajen. Kuma ka fake da hular soja ta shekara ashirin.

Ni ma ban kyauta ba, na cusa shi tsakanin Makarska da Ston kamar wani gari ne irin sauran. To bari in rubuta shi sosai. Zavalina. Inda muka je hutu da 'yarmu Tonka, muka dawo ba ita. A watan Agusta mai zuwa shekara tara ke nan, kuma tun daga ranar ba mu taɓa furta sunan garin a tsakaninmu ba. Muna zuwa kabarinta a Shibenik, kai ka share, ni in sa fure, mu dawo muna maganar tsadar kifi.

Ina so mu je tare. Akwai maganar da zan faɗa maka, kuma a can nake so in faɗe ta, a bakin ruwan, kana tsaye a gabana. Ba ta takarda ba ce. Na daɗe ina riƙe da ita.

Ka amsa mini da jirgi na gaba.

Perina


Stuttgart, 6 ga Maris

Frane,

Wata guda da kwana huɗu. Ban san ko in tambayi lafiyarka ba, ko in tambayi ko kana da rai. Na buga wa ƙanwarka waya daga gidan waya, ta ce su ma ba su ji daga gare ka ba, amma da wani abu ya faru da sun ji. Watau lafiyarka ƙalau. Shiru ka zaɓa.

Na san wannan shirun. Da shi ka raka ni tashar jirgi ranar da na taho Jamus.

Shugabarmu ta tambaye ni sau biyu ko ina nan a kan hutun, don akwai mai so. Na ce ina nan. Ta dube ni ta ce: "Mijin naki ya sani kuwa?" Na ci gaba da ninke tawul.

Tunda sai ka ji dalili, ga ɗaya daga ciki. Inna Domina, matar da muka sauka a gidanta a Zavalina, tana aiko mini da kati duk Kirsimeti. Ban taɓa gaya maka ba. Bana ta haɗa da wasiƙa. Mijinta, Baba Marin, ɓarin jikinsa ya shanye tun kaka, yana kwance. Ta ce wani lokaci yakan tambaya: "Iyayen yarinyar nan, suna tare har yanzu?" Frane, mutumin nan shi ya fito mana da ita daga ruwa. Matarsa ta yi mata wanka ta sa mata riga. Muka bar gidansu da safe ko sannu ba mu ce musu ba. Ba zan jira in samu katin sanarwar mutuwa mai baƙin gefe ba.

Idan ba za ka je ba, ka rubuta "a'a". Haruffa nawa ne?

Perina


Hasumiyar Gavranik, 13 ga Fabrairu

Perina,

Muna lafiya. Takardarki ta biyu ga wata ta zo ranar Talata. Ban iya amsawa a tsaye ba.

Kin ce akwai maganar da za ki faɗa mini a bakin ruwan ina tsaye a gabanki. Na san maganar. Shekara tara ina jiran ta. Duk zuwan da kika yi, in kin buɗe baki a teburin Mama sai in ce yau ce. Ba sai kin ɗauke ni a bas har can kin tsayar da ni a kan duwatsun ba. Zan sauƙaƙa miki, in rubuta ta da hannuna.

Ni na kashe ta. Kuma abin ya fi yadda kika sani. Kin ɗauka hadarin ya zo ne ba sanarwa, haka na bar kowa ya ɗauka, har ɗan sandan da ya rubuta rahoto. Ba haka ba ne. Ina kwance igiyar kwale-kwalen Baba Marin, ya fito ƙofar gida ya ce: "Frane, dubi bayan tsibirin can. Ka bar shi sai gobe." Na duba, na ga baƙin. Na ce: "Rabin awa ne, Baba, tarko kawai za mu ɗaga." Ni ɗan masunci, na san abin da wannan baƙin yake nufi. Na ga kamar zan riga shi. Ina so ta ga yadda ake fito da tarko da kifi a ciki, shi ke nan dalilin, ba wani.

Da igiyar ruwa ta kifar da mu, ina riƙe da hannunta. Na saki don in kama gefen jirgin, in ja mu duka. Da na juyo ba ta nan.

Kin ji. Yanzu ba abin da ya rage da za ki faɗa. Idan bayan wannan kina so mu rabu, ba zan ja da ke ba, zan sa hannu a duk abin da aka kawo. Amma ba zan koma garin nan ba. Ba zan iya haɗa ido da Baba Marin ba. Ya san abin da ya gaya mini, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Frane

8 ga Maris. Jirgin ashirin da biyu ga Fabrairu bai zo ba. Iskar arewa ta tashi ta yi kwana goma sha ɗaya, da ta lafa kuma injinsu ya lalace. Mun koma cin wake da busasshen kifi. Takardar nan ta yi mako uku a aljihuna, sau biyu na kai ta bakin murhu. Ga ta nan yadda na rubuta ta.


Stuttgart, 13 ga Maris

Frane,

Takardarka ta zo jiya. Na gode wa Allah kana lafiya. Wadda na aiko maka ranar shida ga wata, cikin fushi na rubuta ta, ban san iska ce ta tsare ka ba. Ka yafe abin da na ce game da shirunka. Maganar Baba Marin kuwa tana nan.

Ba ka san maganata ba. Ka yi kuskure, amma ba duka ba, kuma ba zan yi maka ƙarya don in sanyaya maka rai ba. Eh, na ga laifinka. Shekara huɗu cur ina ganinsa. Ba na iya kallon hannayenka in kana yanka burodi. Ba aiki ne ya kawo ni Jamus ba, kai ma ka sani.

Amma ba ita ce maganar ba. Ka tilasta mini sa ta a takarda, to ga ta.

Na ji Baba Marin. Ina zaune a matakalar gefen gidan ina ɓarar wake, tsakanina da ku bai fi taku goma ba, itacen ɓaure ne kawai ya kare ni. Na ji abin da ya ce, na ji abin da ka ce. Na ɗaga kai na ga baƙin da idona.

Kuma Tonka ba ta so zuwa ba. Wannan ne ba ka sani ba. Kafin ta sauko wurinka ta zo ta rataye a wuyana, ta ce ita za ta zauna da 'ya'yan kyanwar Inna Domina. Kaina yana ciwo tun safe, ta yini tana zuba mini surutu, ina so in samu awa ɗaya ba mai kiran sunana. Na ce: "Je ki wurin babanki, ya yi miki alkawarin kifi." Ta ce: "Mama, gobe." Na durƙusa na ɗaure mata takalmi da kaina, na tura ta. Bayan haka ne Baba Marin ya yi magana. Kalma ɗaya ta isa, da na ce "Tonka, dawo", da gudu za ta dawo. Na mayar da kaina kan wake.

Na bar ka ka ɗauki abin nan kai kaɗai shekara tara, ina kallonka kana ƙanƙancewa, har ka nemi aikin da ba mutane. Na bar ka saboda ya fi mini sauƙi. Idan laifin naka ne, ni uwa ce da aka yi wa rashi. Wannan nake so in faɗa maka a can, don a can na yi shi.

Ban nemi rabuwa ba. Wataƙila kai za ka nema yanzu.

Na sayi tikiti. Zan sauka a Split ranar sha biyu. Zan zauna a bencin da ke ƙofar tasha, mai kallon inda jiragen ruwa ke tsayawa, har ƙarfe goma sha biyu. Idan ban gan ka ba zan hau bas ni kaɗai.

Perina


Hasumiyar Gavranik, 27 ga Maris

Perina,

Takardunki biyu sun zo tare ranar Talata. Wani masunci zai wuce da wannan zuwa Shibenik gobe. Lafiyarmu ƙalau.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi irin wanda ban taɓa yi ba. Na karanta ta biyun a bakin rijiya, na tashi na ɗauki guduma na je na rushe tsohon ɗakin awaki, wanda Jozo yake ta cewa mu gyara. Slavka ta fito da gudu tana cewa: "Wa ya mutu?" Jozo ya ja ta ciki ya ce: "Bar shi, yau ce rana ta farko da na ji ya yi ƙara." Kwana uku ban iya tuna fuskarki ba sai raina ya tashi. Shekara tara, Perina. Kina zaune a gefena a teburin Mama.

Rana ta huɗu ina goge gilashin fitila, sai na kama kaina ina tunanin wani abu dabam. Ban taɓa sanin ba ta so zuwa ba. A cikin jirgin ba ta nuna ba. Tana ta waƙa, tana jan hannunta a ruwa, ta ce mini kifin farko na kyanwa ne. Ina ganin ya kamata ki san wannan. Ba kuka take yi ba lokacin da ta bar ki.

Ban ce na huce ba. Ban san yadda zan kasance in na gan ki ba. Abin da na sani shi ne zan zo.

Kada mu tsaya ganin zakunan Trogir da wannan abu a gabanmu, ba za mu ga komai ba. Mu wuce kai tsaye ranar da kika iso. Akwai bas na ƙarfe goma da rabi, yana isa kafin la'asar. Ki sha maganin amai tun a jirgin ƙasa. Za mu zauna ɓangaren hagu, wajen dutse. Idan muka iso na kasa sauka, kada ki ja hannuna, kada ki yi mini magana a gaban mutane. Ki sauka, ni zan wuce tasha ta gaba in dawo a ƙafa. Zan dawo, ki ba ni lokaci kawai.

Me ake kai wa mutum irin Baba Marin? Ina da cuku biyu da Slavka ta yi. Ki taho masa da bargo mai kyau daga can.

Ki rubuta wa Inna Domina cewa mu biyu ne.

Frane


Stuttgart, 24 ga Afrilu

Frane,

Na iso lafiya, na koma aiki ranar Laraba. Allah ya sa ka tarar da su Jozo lafiya, kuma ka daina ɗaukar abu mai nauyi har bayan nan naka ya saki. Ma'aikaciyar jinyar nan ta tare ni tana tambayar Dubrovnik. Na ce ba mu kai ba, mun yi kwana biyar a wani ƙauye mijina yana gyara rufin wani tsoho. Ta ce kaico. Na bar ta a haka.

Na san ba mu gama ba. Ranar Alhamis da ka tashi daga tebur ka bar abinci, na san da ni kake. Ban bi ka ba don ka ce kada in ja ka. Amma ka sauka daga bas da ƙafarka, kafin ni ma, kuma da Baba Marin ya miƙo hannunsa mai motsi ka durƙusa ka kama. Ban taɓa zaton zan ga haka ba.

Akwai abin da ban gaya maka a tasha ba. Ranar Asabar, kana kan rufi, Inna Domina ta tafi coci, na zauna da shi ina ba shi miya. Ka san yadda maganarsa take fita da ƙyar, sai na kai kunne kusa. Ya nuna sama da ido, inda ake jin gudumarka, ya ce: "Yana ji da kunnen nan?" Na ce wane kunne. Ya ce: "Na hagu." Na ce ba ka ji sosai da shi, ka ce mini ƙahon hasumiya da ake busa wa jiragen ruwa in hazo ya rufe ne ya lalata shi. Tsohon ya dube ni. Sannan ya ce: "Ba ƙaho ba ne. Da muka iso da babban jirgi mun same shi yana nitsewa yana fitowa. Zurfin wurin ya fi gaba goma. Jini yana fita ta kunnensa, ta hancinsa. Mun ciro shi, ya kuɓuce ya koma. Sau uku. Sai da mu huɗu muka ɗaure shi da igiya a jikin benci, sannan na iya shiga na nemo ta." Ya huta, ya ce: "Ban taɓa ɗaure mutum ba sai ran nan. Ki ce masa ya yafe mini."

Na ce zan faɗa maka. Na kasa a can, ga shi na faɗa. Ka rubuta musu da kanka, Inna Domina za ta karanta masa.

A takardarka ta Fabrairu ka rubuta mini komai, har sakin hannun, amma wannan ka bar shi. Shekara tara ina yi maka magana ta hagu, in ba ka amsa ba in ce share ni kake yi.

Yanzu wata tambaya, kuma ka amsa ta yadda na yi ta, kada ka ƙara mata komai. Kwantiragina yana ƙarewa a ƙarshen Satumba, sun kawo mini sabo in sa hannu, na ce su ba ni wata guda. Ɗakin nan na biyu a ɓangarenku, wanda ka ce kuna ajiye fenti, yana yoyo? Kuma rijiyar, in rani ya yi tsawo, tana isar mutum huɗu?

Ban ce zan zo ba. Tambaya nake.

Matarka,
Perina